Kai Ka Yi Rajistar Digiri, Yaron Kafe Ke Karatun

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikata, maza da mata, musamman waɗanda suka koma neman digiri ta intanet bayan aure da 'ya'ya da ɗawainiyar gida sun hau kansu.

Zangon karatu ya zo gangara, an kusa rufe aikin jinga da ake kira TMA a buɗaɗɗiyar jami'ar ƙasa, kuma abin da ake gani a shagunan kafe na kusa da cibiyoyin karatu a 'yan kwanakin nan abin kunya ne. Magidanci da furfurarsa, katin shaidar ofis rataye a wuya, zai tsaya da mota a bakin shago, ko sauka ba zai yi ba. Sai ya miƙa wa yaron kafe 'yar takarda mai ɗauke da lambar ɗalibtarsa da kalmar sirrinsa, ya ce, "Kwas bakwai ne, a cika min duka, zan turo maka kuɗinka." Hajiya ita ko zuwa ba ta yi, ta WhatsApp take turawa. Yaron nan wataƙila sakandare kawai ya gama. Shi ne zai amsa tambayoyin lissafin kuɗi na akanta da safe, ya amsa na malamar asibiti da rana, da yamma ya koma kan na malamin firamare. Haba jama'a! Wa ake cuta?

Kada wani ya ɗauka karatun nesa nake kushewa. Alheri ne babba ga wanda ya san darajarsa, kuma gemu ba ya hana ilimi. Malamin makaranta mai NCE da ya yi shekara 15 yana jiran digiri, da malamar jinya da ba za ta iya barin asibiti da 'ya'ya ta koma zaman ɗakin kwanan ɗalibai ba, da ɗan sanda ko soja da ake yi wa canjin wurin aiki daga wannan jiha zuwa waccan, duk wannan hanya ce ta buɗe musu ƙofa ba tare da sun ajiye albashi ba. Buɗaɗɗiyar jami'ar ƙasa, wato NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a 2002 Obasanjo ya farfaɗo da ita. Shi kansa daga baya ya zama ɗalibinta, har ya karɓi digirin digirgir a 2018 yana wajen shekara 80. Tana da cibiyoyi a kowace jiha, har cikin wasu gidajen gyaran hali, inda fursunoni ke karatu kyauta. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Maiduguri suna da nasu sashen karatun nesa, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tun 1976 tana horar da malamai suna bakin aikinsu. A 2022, da yajin aikin ASUU ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas, ɗaliban NOUN karatunsu suka ci gaba da yi. Fursuna yana bayan kanta yana buɗe littafi, kai kana ƙarƙashin fanka a ofis kana biyan wani ya buɗe maka.

Bari mu yi lissafi, tunda wasu sai da alƙaluma suke ji. A tsarin NOUN maki 100 na kowane kwas an raba shi biyu: 30 na TMA, wanda ake yi kashi uku, kowanne maki 10, sai 70 na jarabawa. A ce yaron kafe ya samo maka 30 ɗin cif, wanda ba kullum ba ne, domin amsoshin da ake yawo da su a zaurukan WhatsApp sau da yawa na zangon baya ne, an riga an sauya tambayoyin. Saura 70, kuma wannan zuwa da kai ne, babu aike. A aji ɗaya da aji biyu, wato shekarar farko da ta biyu, jarabawar ta kwamfuta ce, kana iya cankar wasu ka dace. Daga aji uku kuwa biro da takarda ne, a ce ka yi bayani da hannunka. A nan asiri ke tonuwa, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda bai taɓa buɗe littafin kwas ba da ƙyar zai tsinci 15 cikin 70. Haɗa da 30 ɗin da ka saya, 45 ke nan, darajar D, mai maki 2 cikin 5. Ka tara irin wannan shekara huɗu, matsakaicin makinka ya tsaya a 2.0, digiri mai daraja ta uku. Daraja ta biyu ta ƙasa daga 2.40 take farawa, kuma ita ce mafi ƙarancin abin da galibin jami'o'i ke nema kafin su ɗauke ka digiri na biyu kai tsaye. Ka kashe kuɗi ka sayi rufaffiyar ƙofa. Wanda ya kasa haɗa 40 kuma sai ya maimaita kwas ɗin, ya sake biyan kuɗin rajistarsa da na jarabawarsa.

TMA ɗin nan da kake ganin wahala ce, an sa shi ne don ya tilasta maka buɗe littafi sau uku kafin jarabawa. Amsoshinsa suna cikin littafin kwas, littafin kuma yana shafin makaranta, kyauta ake sauke shi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Kai kana son naman, gudun kuma ka ba yaro kwangila.

Ita kanta kalmar sirrin da kake rabawa, ka san me ka miƙa? Shafinka yana ɗauke da asusun da kake zuba kuɗi ta manhajar biyan kuɗi ta Remita, daga nan ake cire kuɗin rajistar zango, da na kwasakwasai, da na jarabawa, kowanne daban. Yaro mai hidimar mutum 40 a rana zai yi maka rajistar kwas ya manta da rajistar jarabawarsa, ka je cibiya ranar jarabawa a ce sunanka ba ya ciki. Ko ya zaɓo maka kwas ɗin da ba na sashenka ba, ya tsallake na dole, ba za ka sani ba sai shekarar ƙarshe da za a ce ba ka cika sharaɗin kammalawa ba. Wani ya sa lambar wayarsa da imel ɗinsa a madadin naka tun ranar farko, duk sanarwar makaranta shi take je wa. Ranar da ya tashi daga shagon, kai da shafinka sai kallo.

Matsalar gaskiya da ke kai mutane ga wannan ita ce haɗama. Digiri na shekara huɗu yana buƙatar aƙalla yunit 120, wato ma'aunin nauyin kwasakwasai, wanda ya shiga daga aji biyu da NCE ko difloma kuma 90. Ma'aikaci zai kwashi yunit 24 a zango ɗaya wai yana so ya gama da wuri, alhali daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma yana ofis, dare kuma na iyali ne da majalisa. Ba a tauna taura biyu a baki. Duba lokacin da kake da shi tsakani da Allah: awa ɗaya da rabi bayan sallar asuba daga Litinin zuwa Juma'a, awa huɗu ranar Asabar, huɗu ranar Lahadi, wajen awa 15 ke nan a mako. Wannan na ɗaukar mafi ƙarancin yunit da makaranta ta yarda da shi ne, ba mafi yawa ba. Ƙara shekara ɗaya ba abin kunya ba ne, sannu ba ta hana zuwa. Amma wanda zai ce ba shi da awa 15, a duba wayarsa a ga awa nawa TikTok da musun ƙwallo da gardamar siyasa suka cinye a makon. Datar kallon rawa ba ta taɓa yankewa, sai an ce a shiga aji ta bidiyo a tuna data ta yi tsada.

E, ta yi tsadar, musamman bayan ƙarin kashi 50 da aka amince wa kamfanonin sadarwa a farkon 2025, kuma awa ɗaya ta darasin bidiyo tana iya cin rabin giga zuwa giga ɗaya. Wuta ma ba ta tsayawa. Karatun nesa yana da nasa naƙasun da bai kamata a ɓoye ba. Babu malamin da zai ga fuskarka ya gane ba ka fahimta ba, babu abokin zama da zai ja ka zuwa aji, sakamako yana iya maƙalewa ka yi ta zarya. Fannonin da ke buƙatar ɗakin gwaji ko aikin hannu ba sa koyuwa ta waya, dole a je. Wanda ya gama ta wannan hanya galibi ba ya sa kakin bautar ƙasa, takardar keɓe shi daga bautar ƙasar ake ba shi, don haka matashi ɗan shekara 20 ya yi tambaya da kyau kafin ya shiga, ya kuma tabbata sunansa ya shiga jerin JAMB. Masu digirin shari'a na karatun nesa sun sha fama shekaru kafin a buɗe musu hanyar Makarantar Lauyoyi. Ma'aikacin gwamnati kuma ya nemi izinin karatu a rubuce tun kafin ya biya ko kwabo, in ba haka ba ya kawo satifiket a ce ba a san da zamansa ba, babu sauya layin aiki, babu ƙarin girma. Duk waɗannan uzuri ne na gaske. Babu ko ɗaya cikinsu da ya halatta a ba wani ya yi maka karatu.

Shi wannan halin ne yake girma ya zama sayen takarda ɗungurungum. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga wata jami'a a Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako shida, bai zauna aji ko sau ɗaya ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, daga baya ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce sama da mutum dubu 22 ne ke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Duk wanda ya ce maka ga digiri cikin wata shida, babu jarabawa, ka tura kuɗi asusun wani mutum, ka san kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Duba jerin jami'o'in da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince su yi karatun nesa, ka kuma duba ko shi kwas ɗin an amince da shi, don amincewa da jami'a daban, amincewa da kwas daban. Takardar ƙasar waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta. Shaidar kwas ɗin mako shida ta shafin karatun intanet na Coursera kuwa tana da amfaninta, amma ba digiri ba ce, a daina rubuta ta a gaban suna. Dama mu mutane ne masu son laƙabi, kowa Dokta, kowa Ambasada, a yi walima da anko da mai hoto, kuɗin shagalin ya fi kuɗin littattafan da ba a saya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kundin binciken kammalawa. Yanzu ko yaron kafe ma ya huta, ChatGPT yake sawa ya zubo babi biyar, da sunayen littattafan da wasunsu babu su a duniya. Ranar kare kundi a tambayi Malam mutum nawa ya raba wa takardar tambayoyi, ya hau kallon silin. Kayan aro ba ya rufe katara. Kuma a tuna, wannan mai takardar gobe shi ne shugaban sashe, shi zai sa hannu a kasafi, ita za ta auna wa jariri magani, shi zai tsaya gaban yara 80 yana koyar da abin da bai sani ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Mun taƙaita hadisin ga mai mudu a kasuwa, mun manta albashin da aka ƙara maka saboda ilimin da ba ka da shi, da shi za ka sayo abincin da 'ya'yanka za su ci. Yaran nan suna gani. Da wane baki za ka tsawata wa ɗanka in an kama shi da satar amsa a WAEC?

Karatun nesa ba yau aka fara shi a ƙasar nan ba. Iyayenmu malaman firamare da akawuna na En'e sun yi shi ta gidan waya, da makarantun Ingila irin su Wolsey Hall da Rapid Results College. Darasi ya zo a ambulan, mutum ya zauna gaban fitilar ƙwai bayan ya tashi aiki ya rubuta amsa da hannunsa, ya sa kan sarki ya aika, ya jira makonni kafin gyaran ya dawo. Da haka wasu suka ci GCE, wasu har digirin Jami'ar Landan. A zaure ma haka abin yake: attajiri da rawaninsa yana durƙuso gaban malami da littafinsa, ya biya da bakinsa, in ya yi kuskure a gyara masa gaban almajirai, kuma ba a ba shi izinin littafi sai ya sauke shi. Babu wanda ya taɓa turo yaronsa ya biya masa Ishmawi. A lokacin mai takardar firamare yana rubuta wasiƙar da za a karanta a ofishin gwamna ba a gyara ko waƙafi ba. Yau mai digiri biyu in an ce ya rubuta takardar neman hutu, sai ya aika a kira masa masinja mai wayar zamani.