Mai koyon harshen Polan ya daina bi ta kan "break"

'Yan'uwa ɗalibai da direbobin da ke Polan, galibinku ta Turanci kuke koyon harshen ƙasar, kuma a wajen kalmomin karyawa da karo wannan hanya ɓata ku take yi. Bature da break guda ɗaya yake karya sanda, ya fasa kofi, ya lalata waya, ya tsinka igiya. Mutumin Polan ba ya haka. Sai ya dubi abin da ya samu matsala kafin ya zaɓi kalma, kamar yadda Bahaushe ba zai ce ya karya tulu ba. Don haka ni a ganina daga Hausa ya kamata a tsallaka kai tsaye.

Abu mai tsawo da tauri, sanda ko ƙashi ko makulli, złamać ake cewa, wato karya. Harafin ł kamar w ake furta shi, ć kuma kusa da c ɗinmu, sai ya fito kamar "zwamac". Har a wajen doka sun dace da mu: złamać prawo, karya doka. Gilashi da faranti da kofi kuwa zbić ko stłuc, wato fasa, idan da ƙarfi ne rozbić. Na'ura idan ta daina aiki, wanda Bature ke cewa break down, zepsuć się ne, lalacewa. Wanda ya shiga shagon gyara ya ce telefon się złamał ya shaida wa mai gyara cewa wayarsa ta rabu gida biyu, alhali telefon się zepsuł yake nufi. Igiya da yarjejeniya zerwać, takarda da tufa podrzeć.

Abin da ya fi burge ni shi ne ginin kalmomin. Muna cewa karya da karye, fasa da fashe. Su ƙaramar kalma się suke ƙarawa: zbiłem szklankę na fasa kofi, szklanka się zbiła kofi ya fashe. In ba da gangan ba ne, zbiła mi się szklanka, daidai da "kofi ya fashe mini", kuma wannan ce jimlar da ta dace a faɗa wa mai gidan haya. Sannan inda muke ninka kalma mu ce kakkarya ko farfasa, su po- suke liƙawa a gaba: połamać, potłuc. Turanci ba shi da wannan, sai ya nemo wata kalma daban irin smash ko shatter, waɗanda roztrzaskać ke ɗauka idan abu ya yi raga-raga. Mace kuma ta lura, złamałam za ta ce, namiji złamałem.

Ba ko'ina Hausa ke fid da mutum ba. Pęknąć ita kaɗai ta haɗiye tsagewa da fashewa da tsinkewa, abin da Turanci ya raba zuwa crack da burst da snap. Taya ta fashe, pękła opona. Bututun ruwa ma pękła rura. Kalmar ba ta ɗaukar wanda ya yi aikin, abu ne ke yi da kansa, don haka ba ka iya cewa kai ka pęknąć wani abu. Ɓarawo kuma a wajenmu fasa shago yake yi, su daga tushen karyawa suka ciro tasu, włamać się, shi ne break in.

A asibiti kuskuren ba na dariya ba ne. Złamanie karaya ce, pęknięcie tsagewar ƙashi, zwichnięcie gocewa, skręcenie targaɗe, stłuczenie kuwa buguwa ce kawai. Mai fassarawa a zuci zai ji stłukłem kolano ya ɗauka gwiwa ta fashe, nan ko bugewa ta yi.

Sai karo, inda ƙananan kalmomin da ke biye suka fi wahala. Collide ta Turanci yawanci da with take tafiya, kuma tana nuna abu biyu ne suka haɗu, galibi duka suna tafiya. Takwararta zderzyć się z, sunan da ya biyo baya kuma yana canza ƙarshe: ciężarówka babbar mota ce, amma zderzył się z ciężarówką za a ce. Taho-mu-gama shi ne zderzenie czołowe. Idan mota ta afka wa abin da ke tsaye, Turanci crash into ko hit, su uderzyć w ko wjechać w: uderzył w drzewo, ya daki bishiya. Dukan mota ta baya najechać na tył. Jirgin sama idan ya faɗi rozbił się, kalmar da ake amfani da ita kan hatsarin Smolensk na 10 ga Afrilun 2010, wanda Shugaban Polan Lech Kaczyński ya rasu a cikinsa tare da sauran mutum 95. Bump into, cin karo da mutum a hanya ko haɗuwa da shi ba zato, wpaść na.

Ga mai tafiya a ƙasa akwai kalmomi biyu da bai kamata a haɗa ba: potrącić shi ne kaɗewa, knock down, przejechać kuma takewa, run over. Direban da ya faɗi ta biyu a gaban ɗan sanda alhali gogar mutum ya yi, ya ƙara wa kansa nauyin da ba nasa ba.

Haka ma accident. Kowa wypadek yake haddacewa, amma a Polan wypadek na nufin an ji rauni ko an mutu, kuma idan raunin ya wuce kwana 7 magana ta koma ƙarƙashin sashe na 177 na dokar manyan laifuffuka. Idan ƙarfe ne kawai ya lotse, kolizja ce, a bakin jama'a stłuczka, sau da yawa ma direbobin biyu kan rubuta takardar amsa laifi, oświadczenie, su miƙa wa kamfanin inshora ba tare da 'yan sanda ba. Wanda ya kira lambar gaggawa ta 112 ya ce wypadek, tambayar da za ta biyo baya ita ce ko akwai masu rauni, czy są ranni, kuma amsarsa ce za ta sa a turo motar asibiti ko a bar ta.