Ranar da Na Dasa wa Kawu Famfo a Ka

Laifin 'yata ne, ko da yake har yau ta ƙi yarda. Ita ce ta ɗauki wayata wani dare muna zaune a gidanmu da ke Karantina, a nan Jidda, ta yi ta duba hotunan da na ɗauka tana dariya har da riƙe ciki. Wai duk mutumin da na ɗauka sai na kafa shi a tsakiyar hoto ƙiƙam, kamar za a yi masa fasfo. Ta shiga saitin kyamara ta kunna wasu layuka, biyu a tsaye biyu a kwance, suka raba fuskar wayar gida tara kamar ramukan dara.

"Abba, mutum a kan ɗaya daga layukan tsaye ake sa shi, idonsa ya zo daidai mahaɗar layi. Inda sama ta haɗu da ƙasa ko ruwa kuma a ɗora shi kan layin kwance, kar ya karkace." Ta ƙara da cewa wani mai zane a Ingila, John Thomas Smith, shi ya fara rubuta sunan wannan doka ta kashi uku tun 1797. Ta ci gaba da wata magana a kan haske da abin da ke bayan mutum, amma ni lokacin na riga na zama gwani, na daina saurare.

Sati biyu bayan haka Kawu ya zo Umara daga Kano. Da ya gama ibadarsa ya sauka wurinmu kwana biyu kafin jirginsa. Buri ɗaya ya zo da shi: a ɗauke shi hoto a bakin Bahar Maliya, sanye da babbar riga da hula Zanna Bukar, a tura wa iyali su gani. Na ce Kawu, ka faɗo hannun da ya dace.

Muka isa Kurnish, wato titin bakin teku, bayan La'asar sakaliya. Na tsayar da shi, na ɗaga waya, na ce, "Kawu, ɗan matsa hagu." Ya matsa. "Ƙara kaɗan." Ya ƙara. A karo na uku ya tsaya ya dube ni.

"Kai yaro, ni na biya kuɗin jirgi na zo ko ruwan nan? Me ya sa kake tura ni lungu?"

Na yi masa bayanin gida tara, har da sunan Baturen, wanda na faɗa ba daidai ba. Ya ce shi a iya saninsa babba a tsakiya yake zama, ko a ɗaurin aure ko a hoto, gefe na yara ne da 'yan rakiya. Da ƙyar da lallashi ya yarda, ya gyara hannun riga ya saɓa a kafaɗa, ya haɗe rai irin na manya in za a ɗauke su.

Abin da na manta, kuma wanda ya shekara goma sha ɗaya yana tuƙi a garin nan bai kamata ya manta ba, shi ne tekun Jidda yamma yake kallo. Rana tana faɗawa cikinsa ne, a bayan Kawu daidai. Hoton farko da na biyu babu fuska ko ta rantsuwa, sai wani baƙin tulu mai hula. Ban nuna masa ba. Na ce bari mu ɗan jira rana ta sauka, haske zai yi laushi. Muka yi Magariba, muka dawo, fitilun titi sun kunnu suna haska masa fuska. Na ce yauwa, yanzu aka zo wurin.

Na durƙusa a gwiwa ɗaya kamar masu ɗaukar hoton biki. Idonsa na kan mahaɗa. Bakin teku na kan layin ƙasa, a miƙe sumul, ko magini da ma'auni sai haka. Na danna, na ga komai ya zauna a layinsa, ko duba sauran hoton ban yi ba na tura zauren WhatsApp na dangi, mai mutum sama da sittin.

To, a can cikin ruwa akwai marmaron Sarki Fahad, wanda aka buɗe tun 1985. Ruwan teku yake harbawa sama fiye da mita 250, da dare kuma ɗaruruwan fitilu ke haska shi ya yi fari tas. Kullum ina wuce shi, ya zame mini kamar turken wuta. Duk faɗin Bahar Maliya, babu inda marmaron nan ya ga damar tsayawa sai kan layin hagu, layin da na sha wuya na dasa Kawu. Ruwan ya fito daga tsakiyar hularsa cak, ya miƙe har ƙarshen hoto, iska ta ɗan kwantar da kansa gefe. Kawu kuwa a ƙasa fuska a murtuke, kamar wanda aka ɓalle wa famfo a ka yana jiran mai gyara.

Ba mu kai mota ba wayarsa ta fara kuka. Uwargida ce ta fara turo murya: "Alhaji, lafiya dai? Ashe Zamzam ɗin har ta kai nan?" Amarya ba ta ce komai ba, ta dai ɗora hoton a sitatus. Wani ƙanensa ya rubuta cewa tunda unguwarsu ta yi wata uku ba ruwan famfo, a taimaka a dawo da shi da wuri. Na yi sauri na goge, amma ina, an riga an kwafe.

Har muka isa gida Kawu bai ce uffan ba. Da aka kawo shayi ne ya dubi 'yata ya ce, "Da a tsakiya ya bar ni, da ruwan ya wuce ta gefe, ko ba haka ba?" Ja'irar ta sunkuyar da kai ta ce haka ne, Kaka.

Washegari a filin jirgi ya miƙa mata wayarsa, ya tsaya a tsakiya abinsa, ni kuma ya ce in riƙe masa jarkar Zamzam mai lita 5 in koma can gefe. Na fito a hoton, amma rabina kawai, da kunne ɗaya da jarka. Na auna da layukan, ina kan na dama daidai.