Na biya kuɗi na shaƙi hayaƙin kwal a Wales, sai Zariya ta faɗo min a rai

Asabar ɗin da ta wuce uwargida ta matsa lallai sai mun fita da yara, wai tunda aka yi hutu ba inda suka sani sai kanti da masallaci. Ni kuwa mai aikin dare in na samu hutu bacci kawai nake so, amma dai an fi ƙarfina. Muka kama hanya daga Manchester zuwa arewacin Wales, wani ɗan gari na bakin teku da ake ce ma Porthmadog, inda ake hawa wani tsohon jirgin ƙasa mai kwal, Ffestiniog. Kar ma ku ce in furta sunan, su mutanen wurin suna da yarensu daban da Turanci kuma suna ji da shi sosai, har allunan hanya da shi ake fara rubutawa.

Da na ga kuɗin tikiti sai da na yi shiru na ɗan lokaci, don cutar da ke damun duk wani ɗan Najeriya a nan ita ce juya fam zuwa naira a ka. Tafiyar duka mil 13 da rabi ce fa, ko ƙafar Zariya zuwa Kaduna ba ta kama ba, amma sai an kwashe sama da awa guda ana abu ɗaya.

Jirgin ɗan tsurut ne, faɗin dogonsa bai cika ƙafa 2 ba, in ka shiga tarago gwiwarka na gugar ta na gabanka. Kan jirgin da ya ja mu kuwa abin kallo ne, fuska biyu gare shi, bututun hayaƙi gaba da baya, direba da mai zuba kwal suna tsakiya, wai a 1879 aka ƙera shi kuma har yau yana aiki. Ga tagulla an goge tana ƙyalli kamar kayan ɗakin amarya. Muka tashi a hankali, muka bi ta kan wata doguwar ganuwa da ta datse bakin ruwa, daga nan sai hawa, jirgin na nishi yana manne da jikin dutse, hannun nan bango hannun can kwari mai zurfi, tumaki birjik a kan tsaunuka ba makiyayi ba kowa, ga yayyafi irin nasu da ba ya ƙarewa. Ƙaramar 'yata ta leƙa da kai ta taga, kan ka ce kwabo farin hijabinta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, uwar ta harare ni kamar ni na hura wutar. A wani wuri Dduallt jirgin har zagaye yake yi ya hau ta saman layin da ya baro don ya samu tudu. Da muka isa Blaenau Ffestiniog sai ga tarin ɓaraguzan dutse sun kewaye garin, kamar dalar gyaɗa amma baƙa kuma ta ninka ta sau ban san adadi ba.

Asalin layin ba don yawon buɗe ido aka yi shi ba. A 1836 aka buɗe shi don sauko da wani dutse mai faɗi da suke rufin gida da shi zuwa tashar jirgin ruwa, kuma da farko ko inji babu, taragon da aka loda gangarowa yake da kansa, dawakai na tsaye a wani tarago a baya, in an sauke kaya su jawo fankon zuwa sama. Kasuwar dutsen ta mutu, aka rufe layin a 1946, ciyawa ta cinye shi. Sai wasu mutane suka taso suka fara gyara shi kaɗan-kaɗan daga 1954, har da sassaƙa sabuwar hanya a cikin dutse saboda an yi dam ruwa ya shanye wani ɓangare, ba su sake kaiwa Blaenau ba sai 1982. Yawancinsu 'yan sa-kai ne, amma ba irin namu masu bindigar toka ba, a'a, masu shebur da diga. Dattijon da ya duba mana tikiti ya ce shi tsohon malamin makaranta ne, ƙarshen mako yake zuwa, ko sisi ba a ba shi.

Da daddare na kira Kawu a Sabon Gari, shi tsohon ma'aikacin reluwe ne, na ce Kawu yau fa na hau jirgin da ya girme ka. Ya yi dariya ya ce kai ɗan nan, ai da kun tambaya da an gaya muku, mu ma mun yi irinsa, daga nan Zariya yake tashi zuwa Jos.

Wallahi kunya ta kama ni. An haife ni a Tudun Wada, na yi wasa a kan dogo tun ina yaro muna ɗora kwabo jirgi ya take, amma sai da na zo ƙasar wasu na san cewa an yi wani siririn layi da Turawa suka kira Bauchi Light Railway, duk da bai taɓa zuwa garin Bauchi ba. Faɗinsa ƙafa 2 da rabi, ya bi ta Soba, Dutsen Wai, Rahama, Jengre ya haura tsaunin Jos har Bukuru a 1914, shekara uku kenan bayan babban layi ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911. Kuza aka yi shi ya kwaso. Da aka jawo babban layi daga Kafanchan zuwa Jos a 1927 sai kasuwarsa ta fara ja da baya, a 1957 aka rufe shi. Kusan labari ɗaya da na Wales, dutse a can kuza a nan, shekara 11 ce kawai tsakanin rufewarsu. Nasu yana busa usur har gobe, namu abin da ya rage sai ka je gidan tarihi na Jos ka gan shi a ajiye.

Kuma duk wanda ya taɓa bin hanyar Pambeguwa zuwa Saminaka da damina ya san ba a fi mu wurin kallo ba. Duwatsun nan da ke tasowa cikin koren masara, in ka doshi Jengre ƙasa ta fara hawa iska ta canza, ko Kufena ma da ke bayan gari, in ka hau da yamma ka hango Zazzau a shimfiɗe. Tsaunukan Wales suna da kyau ban musa ba, amma rabin tafiyar hazo ne muke kallo.

To amma ni ba na cikin masu cewa Bature ya iya mu ba mu iya ba, shi kenan a tashi. Mutumin can ya ƙoshi ne, yana da mota yana da jirgi mai gudu, shi ya sa yake biyan kuɗi don a tafi da shi a hankali. Mu jirgi buƙata ce. Mai kai tumatir da barkono kudu ba ruwansa da kallon dutse. Kuma bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022, wa zai ɗauki iyalinsa ya shiga daji yawon shaƙatawa? Sannan kakanninmu da suka yi dakon ƙasa a layin nan da ramukan kuza, da yawa ba da son ransu suka je ba, ba lallai jikokinsu su yi marmarin abin ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne dattijon nan mai duba tikiti. Shi a ganinsa jirgin nasa ne. Mu kuwa tun muna yara dogo kayan gwamnati ne, kayan gwamnati kuma ba na kowa ba ne, shi ya sa za ka ji an kama mutane da guntayen ƙarfen dogo za su kai wa 'yan gwangwan, unguwa guda ta gani ba wanda ya ce uffan. Yanzu ana ta aikin sabon layin Kaduna zuwa Kano da zai bi ta Zariya, Allah Ya sa a gama lafiya, sai dai tsorona kar ranar da aka buɗe shi a yi wa tsohuwar tashar Sabon Gari abin da aka yi wa siririn layin Jos ɗin nan. Garin da layi ya rabu uku, Kano, Kaduna da Kaura Namoda ta Funtuwa da Gusau, ga ABU da masana tarihi jibge, ga tsofaffin 'yan reluwe irin su Kawu da suka san kowane kusa, a ce ba za a iya ware tarago biyu da ɗaki ɗaya a share a goge yara 'yan makaranta su riƙa zuwa gani ba?

Kawu dai ya ce in na zo gida da sanyi in ɗauko mota mu je wajen Soba, wai yana jin zai gane inda layin ya bi in manoma ba su baje wurin ba. Ya kuma ce in tura hoton mai fuska biyun nan a wayar jikansa, yana so ya ga ta ina suke zuba masa ruwa.