Bashin da Leipzig ta daɗe ba ta biya ba

Jama'a, tun da na sa hoton nan da na ɗauka a gaban wani mutum-mutumi a gefen cocin Thomas da ke Leipzig ake ta yi mini tsiya, wai Malam ya je Jamus ya koma tsayawa gaban gumaka. To, a yi haƙuri. Ni ma mutum-mutumi ba ya cikin abin da ke burge ni, kuma ba al'adarmu ba ce. Labarin mai shi ne ya tsayar da ni, ga shi ku ji.

Sunansa Felix Mendelssohn, mai tsara kiɗa ne. An haife shi a Hamburg a 1809, ya tashi a Berlin, ya zo Leipzig a 1835 yana ɗan shekara 26 domin ya jagoranci makaɗan Gewandhaus. Sunan nan ma'anarsa zauren 'yan yadi, saboda a ginin da fatake ke baje hajar tufafi ƙungiyar ta samu mazauni. Ba makaɗan fada ba ne, attajiran gari ne suka haɗa kuɗi suka kafa su tun 1743. A wurinmu uban kiɗa shi ke jan baiti, 'yan amshi su karɓa. Nan kuwa jagora ba ya buɗe baki. Sai ya juya wa 'yan kallo baya, ya ɗaga ɗan siririn sanda, masu goge da masu busa da masu ganga duk su bi motsin hannunsa. Mendelssohn na cikin waɗanda suka fara riƙe wannan sanda, kuma shi ya matsa wa hukumar gari lamba har aka ƙara wa makaɗansa albashi.

Abin da ya sa nake ganin girmansa ya wuce na masu basira irinsa shi ne yadda ya yi wa mamaci hidima. Johann Sebastian Bach, shahararren mai tsara kiɗa, ya yi shekara 27 yana kula da kiɗan cocin Thomas, ya rasu a Leipzig a 1750, manyan ayyukansa suka koma takardun ajiya, sai ɗaiɗaikun masana ke waiwayarsu. Mendelssohn yana ɗan shekara 20 ya ɗauko mafi nauyi daga ciki ya gabatar a Berlin a 1829, sannan a 1841 ya dawo da shi cocin da aka tsara shi dominsa. Bai tsaya nan ba. Ya zauna da kansa ya yi wasa a cocin don tara kuɗi, aka gina wa Bach dutsen tunawa a 1843. Ku duba fa, matashi ne da sunansa ke tashe har Ingila, amma ya ɗauki lokacinsa yana share kabarin wani. Mawaƙa nawa kuka sani da za su bar nasu su tallata na wanda ya riga su?

A shekarar ta 1843 ya buɗe makarantar koyon kiɗa, ta farko irinta a Jamus. Edvard Grieg, mai tsara kiɗa ɗan Norway, a nan ya yi karatu. Shi kuwa mai makarantar bai daɗe ba: yayarsa Fanny ta rasu a watan Mayu 1847, shi ma ya bi ta ranar 4 ga Nuwamba, yana da shekara 38.

Daga nan ne labarin ya yi ɗaci. Kakansa Moses Mendelssohn babban malamin falsafa ne Bayahude. Shi Felix an yi masa baftisma yana ɗan shekara bakwai, a Kirista ya rayu, a Kirista ya mutu, amma wannan bai sa an bar shi ba. Shekara uku da rasuwarsa Richard Wagner, mai tsara kiɗa wanda ɗan Leipzig ne, ya fitar da rubutu da sunan aro yana cewa Bayahude ba zai iya tsara kiɗa mai zurfi ba. Da 'yan Nazi suka hau mulki sai suka haramta kiɗansa baki ɗaya. A Nuwamba 1936, cikin dare, aka cire mutum-mutuminsa da ke gaban zauren Gewandhaus tun 1892. An yi haka ne a bayan idon magajin gari, Carl Goerdeler, yana ƙasar waje. Da ya dawo ya nemi a mayar, aka ƙi, ya ajiye muƙaminsa. Shi ne wanda daga baya aka kashe a 1945 saboda hannunsa a yunƙurin kawar da Hitler.

Yanzu ga inda nake da ja da mutanen garin nan. Kullum za ka ji ana kiran Leipzig birnin kiɗa, an buga a takardun 'yan yawon buɗe ido, an liƙa a tashar jirgin ƙasa. Madalla. Amma yaƙi ya ƙare a 1945, kuma ba a sake kafa kwatankwacin abin da aka cire ba sai 2008. Shekara 72 ke nan daga daren. Gidan da ya rasu a ciki, mai lamba 12 a titin Goldschmidt, an bar shi yana lalacewa a zamanin Jamus ta Gabas, sai da Kurt Masur, wanda ya riƙe kujerar Mendelssohn daga 1970 zuwa 1996, ya tashi tsaye yana neman tallafi, aka buɗe shi gidan tarihi a 1997. Ashe shi ma sai da aka samu wani jagoran makaɗa ya yi masa irin abin da ya yi wa Bach. Hukuma ta zo ne daga baya, ta yanka zare.

Wani abokin karatuna Bajamushe ya ce na tsananta, wai ai tun 1972 makarantar ke ɗauke da sunansa, makaɗan Gewandhaus kuma sun koma kaɗa ayyukansa da zarar mulkin Nazi ya faɗi. Gaskiya ne, ban musa masa ba. Hasali ma hujjata ya ƙara mini. Tagulla an ɗauke ta a dare ɗaya. Makarantar da ƙungiyar makaɗan kuwa babu motar da za ta loda su, domin a hannun mutane suke, malami ya miƙa wa almajiri. Su ne suka riƙe sunansa duk tsawon shekarun da gari ya kau da kai.

Inda aka kafa sabon mutum-mutumin ya yi mini daidai: 'yan taku ne tsakaninsa da dutsen da ya gina wa Bach. Ranar da na ɗauki hoton ana sanyi, wasu ɗalibai uku suka wuce ni a guje da akwatunan goge a baya, ɗaya daga cikinsu da alama daga Koriya ko Japan take. Babu wanda ya ɗaga kai ya dube shi. Sun makara aji.