A saurara wa mai bashi idan ruwa ya ci jarinsa

Duk wanda ya leƙa Kantin Kwari a watan Agustan 2022, bayan ruwan da ya malale layukan kasuwar, ya ga yadda dilolin atamfa da shadda suka jiƙe sharkaf. Manyan 'yan kasuwa sun tafka asara, amma galibinsu suna da wani shagon ko wani siton. Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne masu tebur, da matan cikin gida a unguwanni irin su Kurna da Rijiyar Lemo, waɗanda duk jarinsu buhun waken suya ne, ko keken ɗinki, ko injin markaɗe a tsakar gida. Da an cike kududdufai an gina gidaje a kan magudanan ruwa, su ne ke fara kwana a tsaye.

Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da takwararta ta jiha kan kawo shinkafa da tabarmi da kwanon rufi, Allah ya saka. Sai dai kafin motarsu ta iso, kuɗin da ke fara shiga hannun mutum na ɗan'uwansa ne da ke Legas ko Fatakwal ko Jidda. Waya ta yi ƙara, a aiki yaro wurin mai POS, a ɗora tukunya. Mun ga haka lokacin da madatsar Alau ta ɓalle wa Maiduguri a Satumban 2024: taimakon Kanawa ta waya ya riga na mota isa. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya mazauna waje na aiko da kusan dala biliyan 20 a shekara, amma turo kuɗi zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara na cin kusan kashi 8 cikin 100, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a dawo da shi ƙasa da kashi 3 nan da 2030. Kamfanin tura kuɗin da ya yafe cajinsa na wata guda ga yankin da ambaliya ta ci ba zai talauce ba.

Babbar damuwata ita ce bankunan ƙananan masu sana'a, waɗanda Babban Banki ya fitar wa da tsari tun 2005. Suna da amfani, ban musa ba. Amma tsarinsu na biya mako-mako, da haɗa mata rukuni kowacce ta tsaya wa 'yar'uwarta, bai san da damina ba. Wata maƙwabciyata mai awara, katangar gidansu ta faɗi a kan kayan sana'arta. Ranar biya, ma'aikacin bankin ya yi sallama kamar kullum. Kuɗin da ƙaninta ya turo don a tayar da katangar, su ta kwasa ta miƙa, saboda kunyar matan rukuninsu. “Yaya, gara in kwana a fili da a ce ni na ja musu,” haka ta ce da ni. Da aka zagayo mako na biyu, sai ta ci wani bashin don ta biya wannan.

A 1998 ambaliya ta mamaye kusan kashi biyu cikin uku na Bangladash. Bankin Grameen na Muhammad Yunus ya dakatar da karɓar biya a wuraren da abin ya shafa, ya bar mambobinsa su taɓa ajiyarsu, sannan ya sake tsara basussukan. Mu kuwa ba ma buƙatar zuwa nesa, domin aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi.

Masu bankin za su ce kuɗin masu ajiya ne a hannunsu, kuma bashin da ya yi jinkiri ana lissafa musu shi a matsayin mai matsala. Gaskiya ne. Shi ya sa nake ganin Babban Banki ne zai buɗe musu ƙofa: duk unguwar da hukuma ta tabbatar ambaliya ta ci, a ɗaga wa mutanenta ƙafa na wata biyu ko uku ba tare da tara ba, kuma a rubuta wannan sharaɗi a takarda tun ranar karɓar bashi, da Hausa, a karanta wa mai karɓa.

Akwai kuma dubban Kanawa da ba za su taka ƙofar bankin ba saboda kuɗin ruwa, sun gwammace su jira kwasar adashi. Tun 2012 bankin Jaiz ya nuna cewa ana iya harka ba kuɗin ruwa. A sauko da wannan tsarin zuwa ga mai awara: a saya mata injin, a sayar mata da shi a kan farashin da aka yi yarjejeniya, ta biya a hankali. Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha ma tana da rawar takawa, tunda waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin mutum takwas da aka ce a ba zakka.

Maƙwabciyata ta koma suyar awara, amma da rabin kwanon da take yi a da, kuma har yau buhu ne ke tare inda katangar ta faɗi.