Aikin awa biyu da ya cinye mini Asabar da Lahadi

Motata Prius ce ƙirar 2012, mai injin lita 1.8, irin mai aiki da fetur da batir. Agogonta ya nuna 190,000, kuma da yake daga Amurka ta fito, da mil take lissafi, wato ta haura kilomita 300,000. Da hunturun bana ya kankama a Gombe, sai ta tsiro da sabon salo: injin na tashi da asuba sai ya hau kakkarwa, kaf-kaf-kaf, har maƙwabcina a Pantami ya leƙo yana tambaya ko injin markaɗe na sayo. Aka jona mata kwamfuta, lambar P0401 ta fito, ma'ana hayaƙin EGR ba ya wucewa sosai.

Shi EGR ɗin nan, ɗan hayaƙi yake ɗebowa daga salansa, ya bi da shi ta cikin wani gwangwanin ƙarfe da ruwan lagireto ke sanyayawa, wanda makanikai ke kira kula, sannan bawul ya mayar da shi injin don rage zafin ƙuna. In kunkunniya ta toshe hanyar, zafi ya ƙaru, kuma a ƙirar 2010 zuwa 2015 abin da ake gudu shi ne tof gasket, wato wanda ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ya ƙone. Na yanke shawarar wanke hanyar da kaina, na ce da uwargida aikin awa biyu ne, ta ajiye mini abincin rana.

Ƙaramin batirin motar, mai ƙarfin wuta bolt 12, a but yake ta hannun dama. Na zare masa kan negatif, na mayar da but na rufe garam, kamar yadda hannu ya saba. Makullin but ɗin da lantarki yake aiki, akwatin sifanuna kuma yana ciki. Sai da na kwantar da kujerun baya na shiga da rub da ciki kamar ƙadangare, yara na tsaye suna ƙirga mini.

Ba a isa ga kula sai an cire waifa da ɗan injin da ke juya su da farantin ƙarfen da ke ƙasan gilashi. Wayoyi masu ruwan lemo kuwa na babban batir ne, ko gaisuwa ba ta haɗa mu ba. Na zuƙe ruwan injin kamar lita 2 ta ƙasan lagireto cikin roba mai tsafta. A lura, tankunan ruwa biyu ne, na injin da na inbata, duka ruwan hoda, kada a taɓa na inbata. Soket lamba 10 da 12 su ne yawancin aikin, sai E8 mai bakin tauraro na zare ƙusoshin da kular ke rataye a kai.

Akwai wani noti lamba 12 a ƙarƙashin kular wanda ido ba ya ganinsa, sai lalube. Wanda ya tsara wurin nan, ina kyautata zaton hannun jariri gare shi. Daga azahar har la'asar muna kokawa, na bar masa fatar yatsu uku. Yana fita, gasket ɗin baya ya sulale cikin lungun injin, ƙwal. Da wayar rataye kaya na kamo shi.

Bawul ɗin bai ba ni wahala ba, feshin wanke kafireto da buroshin haƙori suka gama da shi. Alminiyam ne, kada a kusanto masa sodar sabulu, cinye shi za ta yi. Kular ce uwar matsalar. Na ɗaga ta saitin rana, ko ɗigon haske babu. Na toshe baki ɗaya, na cika ta da ruwan zafi da garin wanki mai iskar oksijin, bayan awa guda in zubar in sake, har sau shida, a bahon wankin uwargida.

Lahadi da safe, a hanyar ɗaurin aure, na biya wurin wankin mota a buga mata ruwa mai ƙarfi. Yaron ya ce, "Alhaji, kawo in riƙe." Na ce bai san kanta ba. Ya danna bindigar ruwan, abin da motar ta tara tun daga Amurka ya dawo kan farar shaddata. Haske dai ya ratsa kular. Ɗaurin aure kuwa ta waya na yi Allah sanya alheri.

Saura manifol, wato bututun da ke raba wa silindu iska, inda masu gaggawa ke tsallakewa. Ƙananan huduji huɗu ne a cikinsa, kowace silinda da nata, kuma ba tare suke toshewa ba, shi ya sa injin ke ɗingishi. Biyu daga nawa sun liƙe ƙam. Na zuƙule su, na goge baƙin man da ya kwanta, na sauya bawul ɗin PCV, mai fitar da tururin mai daga cikin injin, tunda yana nan ƙasa a buɗe. Kular ta bushe sarai kafin na ɗaura. Na mayar da ruwa, na sa motar a yanayin gyara don injin ya daina kashe kansa har iska ta fice, na ƙara ruwa zuwa layi.

Litinin da asuba ta tashi lumui. Ina tsaye ina jiran yabo, sai ga uwargida da baƙin baho a hannu ɗaya, baƙin buroshi a ɗayan.

"Baban yara, a ina ka ɗauki wannan?"

"A tagar banɗaki. Ai tsoho ne."

"Na Hajiya ne. Tun shekaranjiya take nema."

Hajiya ita ce surukata, mako guda ta zo yi mana.