Kusufi: Ɗan Boko Da Ɗan Islamiyya, Ku Daina Wannan Jayayya

'Yan uwana matasa, akwai gardamar da ke damuna ƙwarai. Da zarar an ce za a yi kusufin rana, sai mu rabu gida biyu. Wanda ya ɗan leƙa ajin kimiyya ya ce ai wata ne kawai ya shiga tsakanin rana da duniya, meye na tashi yin sallah? Ɗaya kuma ya ce duk mai faɗin ranar da za a yi kusufi yana da'awar sanin gaibu ne. Wallahi dukanku kun yi gaggawa.

Ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya rasu a Madina, rana ta yi kusufi. Mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Uba ne da ya rasa ɗansa, yana cikin jimami, amma bai bar wannan magana ta zauna ba. Ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, kuma idan an gani a tashi a yi sallah. Camfin ya rusa, sallar ya tabbatar, a zama guda.

Kai mai ƙaryata lissafi da sunan kishin addini, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ka. A littafinsa Tahafutul Falasifa ya ce mai musun bayanin masana kan kusufi yana zaton addini yake karewa, cutar da addinin yake yi, domin wanda ya ga hujjar lissafin ba zai yi shakkar lissafi ba, addinin zai fara shakka. Abin da aka gano da awo da ƙidaya ba gaibu ba ne.

Kai kuma ɗan boko, malaminka ya faɗa maka rana ta ninka wata faɗi kusan sau 400, ta kuma ninka shi nisa kusan sau 400, shi ya sa ɗan ƙaramin wata ke rufe ta ruf. Ka rubuta a jarrabawa, ka ci maki. Ko sau ɗaya jikinka bai yi sanyi ba? Tambayi waɗanda suka ga kusufin 29 ga Maris 2006, da ya ratsa Ghana, Najeriya da Nijar: da hantsi gari ya yi duhu, kaji suka nufi akurki.

An riga an lissafa wani na 2 ga Agusta 2027, kuma inuwarsa za ta bi ta kan Makka. In Allah ya kai mu, ka nemi tabarau na musamman, kada ka kalli rana da ido tsirara, ka bayyana wa ƙannenka abin da ke faruwa, sannan ka yi alwala ku tafi masallaci tare.